Eriyar Malam Fuseini

Buraima mai gyaran rediyo ne ya ƙera wa Malam Fuseini eriyar, a tsakar gidan Malam da ke unguwar Kukuo. Malam tsohon malamin kimiyya ne. Tun da ya yi ritaya ba shi da buri kamar ya gaisa da mutanen nesa a rediyo, ta wani ƙaramin tauraron ɗan'adam da ke ratsa saman Tamale, minti goma ya ɓace.

Ranar gwaji da hantsi Malam ya ɗaga eriyar sama. Sai shuuu, da wata murya can ƙasa-ƙasa. Haka washegari, haka jibi.

"Ɗana, ka sake duba aikin nan kuwa?"

"Baba, aikina lafiya lau," in ji Buraima. "Wataƙila kunnen ne. Ka san shekaru."

Bai duba ba. Shago na jiran sa, shi ya sa ya faɗa.

Bayan wata guda Kausara, 'yar Malam, ta kawo eriyar shago a kan babur.

"Ya ce ka ba wa mai kunne ita. Yanzu ko majalisa ba ya zama, wai kada ya riƙa sa mutane maimaita magana."

Da ta tafi Buraima ya kwance mahaɗar wayoyin. Saƙon wannan tauraron yana saukowa ne a murɗe ta dama, dole eriya ta bi murɗin. Shi kuwa ya musanya wayoyi biyu, ta koma ta hagu. Gyaran bai kai minti biyar ba, amma sai da ya kwana uku kafin ya iya mayar da ita Kukuo.

Ya durƙusa gaban tsohon.

"Baba, kunnenka ƙalau. Ni na haɗa ta a juye, na ɗora maka laifin."

Malam ya dube shi ya ce:

"Sau biyu na je asibiti. Suka ce babu komai. Na ƙaryata su, na gaskata ka."

Sai Malam ya dubi agogo.

"Tashi. Ƙarfe goma da kwata tauraron zai wuce. Riƙe eriyar."

Ya riƙe. Muryar wata mata ta fito ras, tana neman mai amsawa. Malam ya gyara murya ya faɗi lambarsa ta rediyo da sunan garinsu. Har tauraron ya faɗa bayan bishiyar mangwaro bai dubi Buraima ba, sai dai ya ƙwala wa Kausara kira ta kawo shayi kofi biyu.