Kibiyar Ɗakin Maciji

Rana tsaka Mariyatu ta iso ƙofar asibiti da mijinta Jima kwance cikin amalanken jaki. Kububuwa ce ta sare shi a gona, can wajen Azarori. Ƙafar ta kumbura har gwiwa, jini na tsattsafowa daga dasashinsa. Ba kowa a bakin ƙofa. Mariyatu ba ta iya karatu ba, amma ta ga zanen maciji da jar kibiya a bango, sai ta ja jakin ta bi.

Kibiyar ta kai ta bayan gine-gine, gaban wata ƙofa mai kwaɗo. Ta yi ta bugu har hannunta ya fashe. Da ta leƙa ta taga, buhunan siminti kawai ta gani. Ta bi wata kibiyar, ta ɓulla wurin wanki. Lokacin Jima ya daina amsa kiranta.

A nan Istifanus, mai kula da gine-ginen asibitin, ya same ta durƙushe, ta tallafe kan mijin. Yana saɓa Jima a kafaɗa yana gaya mata an daɗe da mai da ɗakin allurar maciji kusa da farmasi. An kafa sabon allo da Faransanci, tsohon zanen ne ba wanda ya goge.

"Malam, mu da ba mu yi lakwal ba, ba mu san boko ba, ina za mu bi?" in ji ta.

Aka yi wa Jima allura. Lokotoro, wato likita, ya ce sai a jira, bai yi alkawarin komai ba.

Istifanus ya kasa zama. Ya ɗauko fenti ya shafe tsofaffin kibiyoyin, ya zana sababbi. Sannan ya tsaya bakin ƙofa yana roƙon 'yan dubiya su nemo ɗakin maciji don ya gwada zanen, shi yana bin su a baya, ba ya nuna musu hanya. Wani tsoho, Maiguwa, ya ɗauka sabon zanen macijin igiyar guga ce, ya nufi rijiya. Wata mata ta tsaya cak inda kibiya biyu suka haɗu. Istifanus ya goge, ya sake zanawa. Sai dab da magariba wata Bafulatana ta je ɗakin kai tsaye.

Jima ya rayu, amma sai da aka yanke ƙafar. Ranar da ya farfaɗo, abin da ya fara tambayar Mariyatu shi ne wa zai ƙarasa noman geron. Ta gyara masa zanen rufa, ta ce ya sha ruwa tukuna.