Fitsarin Inji

Notin ya kuɓuce daga yatsun Tela ya gangara ƙarƙashin duro. Ya durƙusa yana lalube a ƙasar da baƙin mai ya rina.

"Hannun da ke zura zare a allura, noti ya gagare shi," in ji Mai Jirgi daga kan tabarma. Ya so ya yi dariya, ciwo ya hana.

Katanga ɗaya ce tsakanin gidajensu. Da hantsi Inna, matar tsohon, ta leƙo ta samanta ta kira Tela, ko gaisuwa babu. Ya tarar da maƙwabcin nasa kwance a rumfar tsakar gida, mara ta kumbura ta yi tauri kamar tulu, leɓe ya bushe. Fitsari ne ya ɗauke masa. Ya yi ta ɓoyewa har sai da ya faɗi a ƙofar banɗaki.

Asibiti yana tsallaken kogi. Hanyar mota ruwa ya cinye ta tun farkon damina, kogin kuma ya cika ya fi ƙarfin tuƙin hannu. Sauran jirage sun fita da lodi, sai yamma. Jirgi ɗaya ya rage a gaɓa, na tsohon. Injinsa kuwa ga shi nan rataye a jikin katako, an cire masa ƙafar da ke ɗauke da farfela, kayan cikinsa jere a kan buhu. Jiya ya kwance shi don gyaran da ya saba, ƙarfinsa ya ƙare kafin ya mayar.

Duk unguwa an san halinsa da wannan inji. A gefensa akwai ɗan rami inda ruwan da ya zaga ya sanyaya shi yake fitowa siriri. Masu jirgi suna ce masa fitsari. Mai Jirgi ba ya sakin gaɓa sai ya ga fitsarin nan ya tsaya cak, ko fasinja za su zage shi. Idan sun dame shi sai ya ce su ma a hana su yi su gani. A da abin dariya ne. Yau Tela ko kallon ramin ba ya son yi.

Ya samo notin. Tsohon ya sa shi ya ciro tsohuwar robar da ke tura ruwa, wadda fikafikanta suka tsattsage, ya shafa wa sabuwa ɗan giris, ya danna murfi yana juya sandar injin dama don fikafikan su kwanta gefe ɗaya. Tela ya juya hagu. Aka sa shi ya sake. Gumi yana ɗiga daga haɓarsa kan ƙarfen.

Da ƙyar ƙafar injin ta koma mazauninta. Tela ya miƙe ya ce to, a ɗauka. Tsohon ya girgiza kai. Saura man giya, ya ce, ya tsiyaye tsohon jiya, ƙafar fayau take. Kuma ta ramin ƙasa ake ɗurawa har ya ɓullo ta na sama. Wannan kam Tela ya ga dole ne, ya yi. Sai aka ce a goge filogi. Sai kuma a wanke matatar fetur.

"Baba, wannan zai jira. Mu haye tukuna, idan an duba ka na yi maka duk abin da kake so."

"Wa zai faɗa maka yadda ake yi?"



"Ni da ita ba mu haifa ba," in ji tsohon, idonsa a rufin rumfa. "Wannan ne ɗanta. Duk wanda zai ɗauke shi haya a hannunta, sautinsa zai fara saurara. Goge filogin."

Inna tana zaune a gefen kansa da kofin ruwa a hannu. Tun safe yake ƙin sha, yana tsoron inda ruwan zai je ya tsaya. Ta ce masa ya ji tsoron Allah, ƙarfe bai fi rai ba. Ya ce ita dai ta cika surutu tun tana amarya. Ta tsoma yatsa a kofin ta shafa masa a leɓe.

A nan Tela ya gane ba shirin hayewa ake yi ba. Ya duba ƙofar gida, ya duba tsohon. Zai iya saɓa injin a kafaɗa ya tafi gaɓa, babu mai hana shi. Ya daɗe tsaye da sifana a hannu. Sannan ya zauna ya ɗauki burushin waya.

Rana ta karkata, inuwar rumfa ta gusa daga kan ƙafafun tsohon. Maganarsa ta koma ɗaiɗai. Kada a matse filogi da yawa. A matsa ƙwallon tiyon fetur har ya yi tauri. Tela ya cika duro da ruwa ya tura shi ƙarƙashin katako har farfela ta nutse. Ya ja igiya, injin ya yi tari ya mutu. Ya sake ja, kafaɗarsa ta amsa. A wani jan ya kama, hayaƙi ya cika rumfa, kaji suka watse.

Ramin a bushe. Tela ya zuba masa ido, bakinsa yana motsi. Can sai ɗigo, sai tofi, sai ruwa ya miƙe siriri ya zarce bakin duro.

"Ya yi?" Da ƙyar aka ji muryar tsohon.

"Ya yi, Baba."

"To, shi kam ya samu sauƙi."

Tela ya juya yana neman tsumman goge hannu, yana cewa yanzu sai gaɓa, babu sauran wata magana. Da ya waiwayo, Inna ta ajiye kofin. Tana jan mayafinta a hankali kan fuskar mijinta.

Ya yi salati a tsaye. Ya matsa kusa da injin don ya kashe, hannunsa ya tsaya a iska. An koya masa komai ban da wannan. Ya dubi Inna, ta girgiza kai.

Injin ya ci gaba da ruri a tsakar gida. Ruwan yana sauka wuri ɗaya, ya haƙa ɗan rami a cikin yashi, yana bin gangare zuwa bakin tabarma.