Kwanar Gida Ba Ta Da Waƙa

"Mayar da shi baya kaɗan, Likita. Ba mu iso gada ba tukuna."

Na zare kaset ɗin daga rikoda, na zura biro a raminsa, na fara juyawa. Raina a ɓace yake. Motar da na samo tana jira a ƙofar gida, mai ita ya yi hon har ya gaji, ni kuma ga ni a tsugune ina naɗa zaren kaset kamar marar aikin yi.

Ni ba likita ba ne, ma'aikacin jinya ne, ban ma daɗe da gama makaranta ba. Baba Direba ne ya laƙa mini sunan, unguwa ta ɗauka. Katanga ɗaya ta raba gidanmu da nasa. A babbar mota ya ƙarar da ƙarfinsa, yana kai kaya bakin teku ya juyo da wasu. Yanzu zuciyarsa ta gaza, ƙafafunsa sun kumbura har fatar tana sheƙi, ba ya iya numfashi sai an tara masa filo a baya.

Abin da ke ƙona mini rai, ciwon nan ba daga sama ya faɗo ba. Hawan jini ne aka bari ya yi shekaru yana cinsa. Ɗakin shan maganin unguwarmu ko na'urar awon jini mai aiki babu. Mai kantin magani ya yi ta ɗura masa ƙwayar ciwon kai. Maƙwabta kuwa su shigo, su jera takalma a bakin ƙofa, su ce "sannu, Allah ya sawwaƙe," su fita da sakakkiyar zuciya kamar sun yi wani abu. Ba wanda ban yi faɗa da shi ba a kan wannan, har mahaifina. Da ƙyar na samo masa gado a babban asibiti, aka ce in kawo shi kafin la'asar ko a ba wani.

"Baba, gadon nan ba zai jira mu ba."

"Ai ina kan hanya," in ji shi. "Ka taɓa ganin an sauke direba a tsakiyar daji?"

Tun jiya ya soma wannan tafiya daga kan gadonsa. Ya sa matarsa, wadda duk muke kira Inna, ta jawo masa akwatin kaset. A zamanin tuƙinsa kowane wuri a hanyar yana da waƙarsa, ba ya haɗa ta wani wuri da ta wani. Ta bakin teku mai hayaniya ce, cikin yaren da ko kalma ɗaya bai sani ba. Ta kurmi muryar mace ce a hankali, don a can itatuwa sun rufe sama, mutum yana son a yi masa magana mai taushi. Ta hawan dutse ganga ce zalla. Ya ce in mota ta koma giya ɗaya tana nishi, gangar ce ke tura ta. Jiya ya taso daga teku, yau yana dawowa gida.

Na mayar da kaset na danna. Sarewa ta tashi, siririya, mai tsawo.

"Yawwa. Ga gada. Dubi ruwa ya cika har ya taɓa ƙarfe." Idonsa a rufe yake, hannunsa na dama a kan bargo yana ɗan juya sitiyarin da babu.

Da waƙar garin kasuwa ta shigo, Inna ta ɗago daga fifitar da take yi masa. "A garin nan ne ya sayo mini atamfar da ta zuba a wankin farko."

"Da fushi kika wanke ta."

"Araha ka bi, malam, ka faɗi gaskiya ko yau."

Ya yi dariya, dariyar ta zama tari. Na tallafe shi har ya lafa. Ina jin ruwan da ke huhunsa a tafin hannuna.

Ƙaninsa ya leƙo daga tsakar gida. "Haba Yaya, a wannan hali waƙa? A sa karatu mana."

"Da karatu na tayar da mota da asuba, kana ta munshari. Kullum haka nake yi. Je ka zauna."

Na duba agogo, na kasa haƙura. "Wannan shi ne halinmu, Baba. A yi ta wasa da rai, in ya tafi a ce lokaci ne."

Ya buɗe ido ya dube ni sosai. "To faɗa mini tsakani da Allah. In na je, me za su yi?"

"Za su cire ruwan. Numfashi zai yi sauƙi. Za ka ƙara kwanaki, wataƙila makonni."

"A can?"

"A can."

"Za su bar ni da rikoda?"

"Ba za su bari ba. Amma ko yini ɗaya rai ne."

"Haka ne," ya ce. "Ba ka yi ƙarya ba. To bari in iso gida, sai ka kai ni inda kake so. Saura kaɗan."

Na fita na roƙi mai mota ya ƙara haƙuri. Ya ɗaga kafaɗa, ya kunna rediyonsa ya kishingiɗa.

Waƙar fili ce ta biyo, doguwa, mai amshi, wadda ya ce ita ke hana shi gyangyaɗi inda hanya ta miƙe babu tudu babu kwana. Yana bin amshin da leɓe kawai. Na riƙe wuyan hannunsa, bugun yana zuwa yana ɓacewa. Na tona akwatin ina neman kaset na gaba don mu gama da wuri, na tarar duk mun sa su.

"Inna, ina na isowa gida?"

"Babu."

"Ya ɓace ne?"

"Bai taɓa yi ba." Ta ajiye mafici. "Lokacin ba waya. Sai ya yi makonni bai san abin da ya bari ba, ko wani ya kwanta, ko an yi rashi. Daga ɗakin girki nake jiyo waƙarsa tun daga babban titi. Yana karyo kwanar gidan nan sai ya kashe ta, ta ɗauke ɗif. Ya sauke gilashi, ya lallaɓo da mota, yana saurare. In ya ji kuka, ya sani. In ya ji ina yi wa yara tsawa, ya san lafiya."

Baba Direba ya ɗaga yatsa ɗaya daga kan bargo. Muryarsa da ƙyar take fita.

"Kashe, Likita."

Na danna. Ɗakin ya yi tsit, sai unguwa ta shigo ta taga. Keken tela yana ta ƙara a shagon da ke kallonmu. Mai ruwa ya wuce, jarkokinsa suna karo da juna a cikin kura. Can cikin gida jikokinsa suna rigima a kan ƙwallo, murfin tukunya yana rawa a kan wuta.

Inna ta juya wajen ƙofa, ta ɗaga murya kamar ba komai. "Kai, ku bar ƙwallon nan kafin in fito muku."

Gefen bakinsa ya motsa. "Lafiya lau," ya ce.

Ta matso ta riƙe hannunsa, tana maimaita masa kalmar shahada a kunne, yana bi. Ƙaninsa ya shigo ya durƙusa a gefen gado. Ban saki wuyan hannun ba har bugun ya tafi bai dawo ba. La'asar ba ta yi ba tukuna.

Har yanzu ina kan bakana. Da an auna jininsa tun da wuri, da bai kai ga haka ba, kuma zan ci gaba da faɗa ko za a gaji da ni. Amma a ranar ban ce wa kowa komai ba. Na rufe akwatin kaset, na tura shi ƙarƙashin gado, na fita ƙofar gida.

Mai mota ya tashi zaune. "Ya shirya?"

Sai ya kalli fuskata. Ya miƙa hannu a hankali ya kashe rediyo.