Inoks ko Baƙin Ƙarfe

Mai shagon ƙarfen ya dafa kantarsa da hannu biyu ya sake tambaya da Faransanci, "To, Monsieur, wanne zan yanka maka?"

Baba Moutari ya sake duban abin da yake riƙe da shi. Guntayen ƙarfe biyu ne a hannunsa, ɗaya fari tas yana ɗaukar ido, ɗayan baƙi-baƙi da maiƙo a jikinsa. Ya jinjina na dama, ya jinjina na hagu. Masu jiran layi a bayansa sun fara gyaran murya.

Illo, maƙwabcinsa da ya kawo shi a mota, ya matso kusa da kunnensa. "Baba, mutane na jira."

"Su jira." Ya nuna masa farin. "Wanga inoks ne. Ko cikin rijiya ka jefa shi, damina ta wuce, ba ya tsatsa. Amma dubi walƙiya. A ɗaura wanga bisa bindigar tsohonmu? Kamar an sa ma tsoho haƙorin Makka ne." Ya ɗaga ɗayan. "Wanga kuwa ƙarfen gauraye ne. Yana karɓar baƙi, ya saje da na asali har ba ka ganewa. Sai dai shi mai son mai ne. In aka manta da shi, tsatsa ta cinye."

"To a ɗauki baƙin mana."

"Wa za shi riƙa shafa mishi man?"

Illo ya buɗe baki zai yi magana, sai tarin ya taso wa tsohon. Ya sunkuya, ƙarafan suka faɗi a kan kanta, ya yi ta tari har idanunsa suka kawo ruwa. Wani daga cikin masu jira ya jawo kujera. Illo ya zaunar da shi, ya juya ya ce wa mai shagon ya yanka duka biyun.

Ƙofarsu na kallon juna a hawa na huɗu na wani dogon bene a Vaulx-en-Velin. Illo karatu ne ya kawo shi Lyon daga Maraɗi, ya gama ya samu aiki a kamfanin waya, ya ɗauko matarsa Safi. Baba Moutari kuwa mutumin wani ƙauye ne kusa da Matameye. Tun yana saurayi ya zo, ya ƙare ƙuruciyarsa a gaban injin sassaƙa ƙarfe a wata masana'anta da aka rufe tuntuni. Matarsa ta rasu. 'Yarsa ɗaya, Zouera, tana can Montreuil kusa da Paris tana koyarwa. Shi kaɗai yake zaune, sai rediyonsa, sai wani ƙaramin inji da ya saya hannu na biyu ya girke a ɗakin ajiyarsa na ƙarƙashin bene.

A ƙarshen bazarar 2014 wani matafiyi ya kawo masa ƙullin tsumma daga gida. A ciki akwai zoben ƙarfe da ya tsage, wanda ke ɗaure bututun bindiga da ƙotarta. Na bindigar farautar mahaifinsu ne, wadda take hannun yayansa Yakubu. Saƙon baka ya biyo: tunda shi ne maƙerin Nasara, ya ƙera wani. A wannan watan ne kuma likitoci suka nuna masa hoton huhunsa. Illo ne ya kai shi ran nan, shi ne ya ji abin da suka ce, kuma a hanyar dawowa tsohon bai yi zancen komai ba sai zobe.

Da baƙin ƙarfen ya fara. Kowace Asabar da hantsi Illo zai riƙe masa hannu su sauka, ya tsaya a bakin ƙofa yana kallo. Ɗakin matsattse ne, ƙwan lantarki ɗaya, warin mai da sanyin siminti. Da zarar injin ya fara juyi sai tsohon ya zama wani mutum. Kafaɗunsa su miƙe, tarin ma ya lafa. Siraran zaren ƙarfe na murɗewa suna zuba a ƙasa, zobe na fitowa a hankali.

Saura kaɗan ya gama sai hannunsa ya yi wata 'yar karkarwa. Injin ya yi ƙara, wuƙar ta nutse cikin ƙarfen. Ya kashe, ya kwance zoben, ya kai shi kusa da fitila. Ga wani rami mai zurfi a gefensa.

Ya daɗe yana dubawa, sannan ya ce, "Ƙarfen ne bai da kyau."

"Baba, akwai wani wuri a Décines da suke irin wannan aiki. Mu kai musu tsohon zoben. Kafin sati sun gama."

"Illo, ɗana." Ya jefa zoben cikin gwangwani. "Shekara talatin da wani abu ina ƙera ma Nasara ƙarfe. Motocinsu, jiragensu na ƙasa. Gidanmu abu ɗaya tak suka roƙe ni. In kai ma wani?"

Illo ya kama masa hannu suka fita. A matakala sai da suka tsaya hutawa a kowane hawa.

Da yamma Illo ya kira Zouera. Yana cikin kewaye-kewaye ta katse shi. Hausarta a gutsure take, rabi Faransanci.

"Na sani, Illo. Je sais. Likita ya kira ni. Na ce Papa ya zo nan wurina, akwai ɗaki, akwai komai. Ya ce sai ya gama zobe. Wane zobe ne wannan?"

"Na bindigar kakanki."

"Bindiga." Ta yi wata dariya mai kama da kuka. "Ka ɓoye makullin ɗakin, don Allah."

Illo ya ce to. Washegari ya shiga gaida tsohon, ya ga makullin rataye a ƙusa bayan ƙofa. Ya dube shi, ya dubi Baba Moutari da ke zaune yana juya guntun inoks a tafinsa, ya kasa miƙa hannu.

Sanyi ya shigo sosai. Aka kawo wa tsohon tukunyar iska da siririn tiyo a hanci. Wata ranar Juma'a bayan an sauko masallaci, Illo na wurinsa, tsohon ya kira ƙauye. Ya zare tiyon kafin a ɗauka, don kada a ji hucinsa. Muryar Yakubu ta fito da ƙarfi, irin ta wanda bai yarda waya na kai magana ba.

"Moutari! Ina sanyi? Ina iyali? Ina Zouera?"

"Lahiya lau, Yaya. Ina gida, ina yara?"

"Yara sun watse. Autan ma ya bi mota Agadas tun bayan girbi. Daga ni sai tsohuwa. Kai dai yaushe za ka zo?"

"Zoben ya kusa, Yaya."

"Ka zo dai."

Da aka kashe wayar sai da ya daɗe yana jan iska kafin ya iya magana. Illo ya ce, "Baba, ya kamata a gaya masa halin da ake ciki."

"A gaya mishi ya yi me? Ya hau jaki ya zo Lyon?" Ya mayar da tiyon hanci. "Ka ji dai. Ba kowa a gidan. Idon Yaya ya tafi, ba mai shafa mai. Inoks za a yi. Ya yi ta walƙiyarshi."

Safi ta roƙi mijinta kada ya sake sauka da shi. Illo ya ce in bai kai shi ba, shi kaɗai zai sauka, a tsince shi a matakala. Ta ce to ka hana shi. Ya ce da me?

Asabar ta zo suka sauka, Illo ɗauke da tukunyar iskar. Inoks ba irin baƙin ba ne, ƙarfe ne mai taurin kai. Tsohon ya kunna injin, ya kama mariƙin, wuƙar ta taɓa ƙarfen ta riƙa zamewa tana kuka. Ya kashe. Ya sake gwadawa, haka. Gumi ya tsattsafo masa a goshi duk da sanyin.

"Zo nan. Kawo hannunka."

"Baba, ban taɓa ba."

"Ba kai za ka yi ba. Ƙarfinka nike so."

Ya ɗora hannun Illo a kan mariƙin, ya ɗora nasa a sama. Tafin tsohon a bushe yake, mara nauyi, kamar takarda. Injin ya tashi. "A hankali. Kada ka tsaya, in ka tsaya ya ƙi. Yauwa. Haka." Wani farin zare ya fara murɗowa, dogo, mai sheƙi. Illo ya ji numfashin tsohon a wuyansa, ya ji yatsun na matsa nasa, suna sassautawa, suna sake matsawa. Zuciyarsa ta ce wataƙila dai a gama.

Sai yatsun suka zame.

Illo ya juya ya tare tsohon kafin ya kai ƙasa. Injin na ta kuka a kansu, shi kuwa bai san inda ake kashewa ba. Ya yi ta danna abin da hannunsa ya kai, a ƙarshe ya fizge wayar daga bango. A ƙarƙashin benen wayar salula ba ta kamawa. Dole ya kwantar da tsohon a kan siminti, ya tura masa rigar sanyinsa a ƙarƙashin kai, ya haura da gudu ya bar shi shi kaɗai. Yana tsaye a bakin titi yana faɗa wa 'yan pompiye, masu agajin gaggawa, lambar bene, bai sani ba ko zai koma ya tarar da shi da rai.

Ya tarar da shi da rai. Aka kai shi asibiti, Zouera ta biyo jirgin ƙasa ta iso kafin la'asar. Ba ta ce wa Illo komai a kan makulli ba. Ta dube shi kawai, ta wuce ta zauna a bakin gado.

Ya yi kwanaki a can. Mafi yawan lokaci barci yake. Illo kan biya in ya tashi aiki, ya zauna, ya karanta abin da ya sauƙaƙa, ya kalli layukan da ke tafiya a jikin na'ura ba tare da ya san me suke faɗa ba. Wata rana tsohon ya buɗe ido ya gan shi.

"Ka rufe injin da tsumma?"

"Na rufe, Baba."

Ya lumshe ido. Can ya sake buɗewa. "Da baƙin na maimaita. Ai da Yaya ya samu wani yaro cikin maƙwabta ya riƙa shafawa." Ya ja numfashi. "Ko kuwa? Kai me ka gani?"

"Duk wanda ka zaɓa ya yi, Baba."

"A'a. Ba duka ba."

Zouera ta gyara masa bargo ta ce, "Papa, repose-toi. Ka huta." Bai sake ta da zancen ba.

Ranar Laraba da hantsi Illo na cikin jirgin ƙarƙashin ƙasa zai je aiki saƙonta ya shigo. Ya karanta, ya yi salati a hankali. Ya wuce tasharsa bai sauka ba, sai da jirgin ya kai ƙarshen layi aka ce kowa ya fita.

An yi masa sutura a masallacin unguwa, aka kai shi ɓangaren Musulmi na maƙabarta, kusa da matarsa kamar yadda ya taɓa faɗa. Saura gaya wa ƙauye. Zouera ta miƙa wa Illo wayar mahaifinta. "Hausata ba za ta kai ba. Kai ka faɗa."

Yakubu ya ɗauka da murna, ganin lambar. "Moutari!"

"Baba Yakubu, Illo ne, maƙwabcinsa. Sai haƙuri. Allah ya yi wa Baba Moutari cikawa."

Ana jin kukan akuya daga can nesa, da muryar wata tsohuwa tana tambayar wane ne. Sannan Yakubu ya yi innalillahi, ya maimaita, ya tambaya ko ya sha wahala. Illo ya ce da sauƙi. Bai san abin da zai ƙara ba, sai ya ji bakinsa na cewa, "Zoben ma ya kusa gamawa. Yana kan aikin ne ciwon ya kayar da shi."

"Zobe?" Muryar ta karye. "Yaro, ni ina na ga idon harbi? Bindigar nan tun rasuwar tsoho tana rataye. Na aika ne don ya kawo da hannunshi, in gan shi."

Zouera na kallon bakinsa. "Me ya ce?"

"Yana yi masa addu'a," in ji Illo.

Washegari suka sauka ɗakin ajiya ita da shi, don masu kula da benen za su buƙaci a kwashe. Ta yaye tsumman. Guntun inoks na nan a bakin injin, rabinsa ya zama zobe, rabinsa yana yadda aka sayo shi. Ta ce tana so ta tafi da shi. Illo ya gwada kwancewa, ya murɗa nan, ya ja can, ya ƙi motsi. Suka tsaya suna kallonsa. Daga baya ta mayar da tsumman ta ce a bari sai ta dawo.

Ranar addu'ar uku gidan tsohon ya cika. Tsofaffin abokan aikinsa, ɗaliban Nijar, wasu Larabawa daga hawa na biyu, har da mutanen Paris da suka biyo Zouera. Takalma suka cika barandar tun daga ƙofarsa har ƙofar Illo. Safi ta yi ta kai shinkafa da shayi. Bayan la'asar aka shafa fatiha, mutane suka fara fita, kowa ya laluba nasa ya saka, a yi musabaha, a sauka.

Illo ya raka na ƙarshe har bakin matakala ya dawo. Saura takalmi ƙafa biyu a gefen tabarmar ƙofa, baƙaƙe, masu kaurin baki, an take dugadugansu sun kwanta. Ya leƙa ciki zai tambaya ko akwai baƙon da ya rage. Ba kowa sai Zouera a bakin taga ta juya baya.

Sai a lokacin ya gane takalman Baba Moutari ne. Ya dawo ya tsuguna, ya daidaita su kusa da juna, ya juya bakinsu wajen ƙofa. Fitilar barandar, wadda ke mutuwa da kanta, ta ɗauke. Bai tashi ya kunna ba.