Kantoman da Ya Naɗe Hannu

Dokta Sallau Tanko ya daɗe yana koyar da falsafar mulki a jami'a kafin a naɗa shi kantoman wata ƙaramar hukuma. Aƙidarsa ba ɓoyayyiya ba ce: mutum shi ya mallaki kansa da guminsa, aikin gwamnati kawai ta tsare rai da dukiya daga ɓarayi, sauran kuwa ta sakar wa jama'a mara. Da ita ya yi aiki da ya hau kujera. Ya janye masu duba magani daga kasuwa. Gadar Tsamiyar Kogi da ruwa ya cinye kuma, ya ce masu buƙatarta su haɗa kai su gina.

Wata Juma'a bayan an sauko daga masallaci, abokinsa na ƙuruciya, Malam Haladu, ya biyo shi gida suka dasa gardamar da suka saba. Can Haladu ya sassauta murya ya ce, "Sallau, jiya Tabawa matar Ɗahiru maƙeri ta rasu a bakin rafin Tsamiyar Kogi tana naƙuda. Motar asibiti tana tsallake, ana kallon juna."

"Allah ya jiƙanta," in ji Sallau. "Amma kada ka haɗa tausayi da hujja."

Haladu ya saka takalmansa ya fita. Sallau ya kishingiɗa a falo, zuciyarsa na masa nauyi, har barci ya sace shi.

Sai ga shi a ƙofar wani birni mai doguwar ganuwa, rana ta sauko dab da kawunan mutane, ko inuwar tsinke babu. Wani dattijo mai kwarjini ya kama hannunsa ya ce, "Taho ka ga inda gardama take ƙarewa."

Suka fara isa wani fili cike da mutane, kowanne an rataya masa tarin kwaɗuna a wuya, nauyinsu ya durƙusar da shi har haɓarsa na jan ƙasa. Sallau ya ce, "Baba, su wane ne waɗannan?"

"Masu mulkin da suka ce ba wanda zai motsa sai da izininsu. Kowane kwaɗo shago ne da suka garƙame, ko gona da suka ƙwace, ko bakin mai gaskiya da suka rufe."

Sallau ya ji daɗi ya kama shi. "Ai abin da nake faɗa ke nan! Hannun hukuma in ya yi tsawo, wuyan talaka yake nema."

Dattijon ya ce, "Ka faɗi gaskiya. Allah ya halicci ɗan Adam ɗa, ba bawa ba. Amma birnin bai ƙare ba."

Gaba kaɗan sai kasuwa. Ga masu tauye mudu ana auna musu iskar numfashi da mudun da suka lotsa, suna haki ba ta isarsu. Ga waɗansu kwance cikin masassara suna roƙon magani, ana ɗura musu garin alli da suka riƙa cusawa a kwalabe suna sayar wa iyayen yara. Sallau ya gane fuska ɗaya daga kasuwar garinsa, ya kawar da kai. Ya ce, "Waɗannan ai kasuwa da kanta take korarsu. Wanda aka cuta sau ɗaya ba ya komawa."

"Haka ne, ba ya komawa," in ji dattijon. "Yana maƙabarta."

Sallau ya bi bayansa suka wuce.

Daga nan suka shiga wani dogon zaure. Manyan mutane ne zaune bisa kujeru masu laushi, cikin manyan riguna, hannuwansu naɗe a ƙirji, fata ta manne da fata ta zama ɗaya. A gaban kowa akwai ƙwarya cike da ruwan sanyi, leɓɓansu kuwa sun tsattsage don ƙishi. In ɗayansu ya yi kira a taimake shi da kurɓi ɗaya, sai bangon zauren ya amsa masa da muryarsa ta duniya: "Kowa ya yi ta kansa."

"Waɗannan kuma me suka yi?" in ji Sallau.

"Ba su yi komai ba. Laifinsu ke nan."

A ƙarshen layi akwai kujerar da ba kowa a kanta. Sallau bai san lokacin da ya zauna ba, sai ji ya yi hannuwansa suna naɗewa da kansu. Ya yi ƙara, "Ban zalunci kowa ba! Ban ƙwace wa kowa ko allura ba! Mutane na bari da 'yancinsu!"

Dattijon ya dube shi har sai da Sallau ya sunkuyar da kai, sannan dattijon ya ce, "Da a ajinka ka tsaya kana faɗin haka, da hujja za a yi da kai. Amma kai ka karɓi kujera, ka rantse a kan amanar jama'a, ka ci harajin maƙeri da na mai sayar da ƙosai. Da suka zo neman abin da mutum ɗaya ba ya iya yi wa kansa, sai ka miƙa musu falsafa. Mace mai naƙuda a bakin ruwa, wane 'yanci gare ta? Na zaɓen gaɓar da za ta mutu?"

Sai ga wata mata ta gifta ta ƙofar zauren, zaninta jiƙe da ruwa, tana rungume da jariri a naɗe cikin farin ƙyalle. Ba ta zage shi ba, ba ta ko tsaya ba. Kallo ɗaya ta yi masa irin wanda ake yi wa baƙon da ba a sani ba, ta wuce. Sallau ya so ƙasa ta tsage ya shige. Ya yi yunƙurin rufe fuskarsa, hannu ya ƙi tashi.

Ya farka a firgice yana salati, gumi ya jiƙe masa riga, ladan na kiran la'asar. Ya daɗe yana juya tafukan hannunsa yana kallo. Yana idar da salla ya kira injiniyan ƙaramar hukuma ya ce gobe a fara aikin gada, masu duba magani kuma su koma kasuwa. Sa'an nan ya shiga mota shi kaɗai ya nufi Tsamiyar Kogi. A bakin rafi ya tattare babbar rigarsa ya faɗa ruwa har ƙirji, ya haye.

Ya tarar da Ɗahiru maƙeri zaune a ƙofar gida cikin masu karɓar gaisuwa. Sallau ya shirya wa zagi, har yana fatan a yi masa shi. Amma maƙerin na ganinsa ya miƙe da sauri, ya kakkaɓe tabarmar da ta fi kyau ya shimfiɗa masa.

"Ranka ya daɗe, da kanka? Cikin ruwan nan? Wallahi mun gode da ka tuna da mu."

Sallau ya zauna a ƙasa gefen tabarmar, ruwa na ɗiga daga rigarsa. Har aka shafa fatiha bai iya ɗaga ido ya dubi mutumin ba.