Lasifikar Kicin ɗin Magdalene

Sajan Japhet ya dawo daga Laberiya da rai, amma ya baro muryarsa a can. Wani ɓarɓashin ƙarfe ne ya shiga maƙogwaronsa, likitocin soja suka ciro ƙarfen suka bar shi da raɗa. In yana magana sai ka kawo kunne kusa da bakinsa. Ga kuma ciwon ƙirji da ke shaƙe shi ba sallama, in ya taso dole wani ya ɗaga shi zaune, ya danna masa maganin shaƙa a baki, don hannunsa rawa yake yi a lokacin.

A soja aikin sigina ya yi, waya da rediyo su ne abin da ya sani. Da ya yi ritaya ya zauna a gidansa na Zuru, sai ya ja waya daga ɗakinsa zuwa kowane lungu. Ya kafa lasifika a ɗakin ɗansa Philip, ɗaya a rumbu, ɗaya a bakin ƙofa, ɗaya a kicin saman murhun matarsa Magdalene. A gefen gadonsa akwai makirfo da wani allo mai maɓallai, kowane ɗaki da nasa. Ya haɗa abin da batirin mota, in NEPA ta ɗauke wuta ya koma kan batir da kansa. Har agogo ya ɗaura masa, mai kunna waƙar coci da safe ko ba wanda ya taɓa.

Magdalene ta yi murna da farko. Ta ce yanzu in ciwon ya taso, duk inda take za ta ji. Abin da aka yi wayar dominsa ke nan.

Sai dai mutumin da ya saba ba da oda, da ya sake samun murya, bai iya riƙe ta ba. Daga tagarsa yana ganin tsakar gida duka. An bar famfo yana ɗiga, sai lasifika ta faɗa. Akuya ta shiga dawa, sai ta faɗa. Wane ne ya ajiye babur a hanya, miya ta yi gishiri jiya, an makara zuwa sujada. Maƙwabta suka sa wa gidan suna Gidan Rediyo. Mata a wurin niƙa kan tsokani Magdalene, su tambaye ta mene ne kanun labarai yau. Ita ma ta yi dariya, ta ce sai an jira Sajan ya gama karin kumallo.

Da Philip ya auri Rachel aka kawo ta gidan, ba ta yi wata ba ta rufe lasifikar ɗakinsu da zane. Ta ce ita ba ta taɓa ganin inda suruki ke magana a saman gadon amarya ba. Zanen bai tare sautin ba, sai Philip ya sa filaya ya yanke wayar ta bayan ƙyaure, inda uban ba zai gani ba. Ta rumbu ɓeraye suka cinye. Ta bakin ƙofa ruwan sama ya kashe ta. Japhet ba ya fita sosai, bai sani ba. Yana ta danna maɓallansa yana yi wa ɗakuna magana, ba mai ji. Ta kicin kaɗai ta rage, baƙa wuluk da hayaƙi, Magdalene tana goge ta da tsumma duk Asabar.

Magdalene ta san da yankan wayar, ta kuma yi shiru, don ba ta son uba da ɗa su yi faɗa. Ta dai roƙi Philip a keɓe ya mayar. Ya ce zai mayar, ai ba gudu wayar za ta yi ba.

Ana cikin girbin dawa aka aiko daga Danko cewa yayarta ta rasu. Ba yadda za ta ƙi zuwa. Da safen ta ajiye maganin shaƙa a kan teburin Japhet, ta duba batir, ta sa shi ya gwada na kicin ta ji da kunnenta. Ya ce mata ta tafi, shi ba jariri ba ne, gida cike da mutane, in ya danna maɓallan gaba ɗaya har kaji sai sun taru. Ta kusa gaya masa gaskiya, sai mai babur ya yi hon a waje.

Ta tsaya wurin Rachel a tsakar gida.

"'Yata, duk aikin da za ki yi yau, ki yi shi kusa da kicin. In kin ji shi, ki je."

"To, Mama. Ai ko ban je kusa ba Baba ba ya ɓuya."

Magdalene ta sake yi wa Philip maganar waya. Yana kwance a ƙarƙashin babur ɗinsa gindin mangwaro, ya ce da ya gama wannan.

Kafin la'asar aka bi ta Danko da saƙo. Ta baro makoki ta taras da wani makokin a gidanta. An riga an ɗaga Japhet an kwantar a gado, amma matar maƙwabci da ta fara shiga ta gaya mata yadda aka same shi. A ƙasa yake tsakanin gado da tebur, makirfo a hannunsa, duk maɓallan allon a ɗage, wato a kunne. Maganin ya gangara ƙarƙashin kujera.

Rachel ta ce tana bakin kicin tana daka tun hantsi, ba ta ji komai ba. Philip ya ce shi ma bai ji ba, ƙila batir ne ya mutu, ga shi ba wuta ranar. Mutane suka ce haka Allah ya so. Tsofaffin sojoji suka zo da hulunansu suka sara masa, aka kai shi aka rufe.

Magdalene ba ta yi musu da kowa ba. Ta karɓi gaisuwa, matan zumuntar coci suka yi ta zuwa suna waƙa suna tafiya. Abu ɗaya ne ya hana ta cin abinci. In batir ne ya mutu, to mijinta ya mutu yana kira ba wanda ya ji, wannan za ta iya ɗauka. In kuwa batir yana da rai, to an ji shi ne ba a zo ba. Ba ta bari kowa ya taɓa kayan ɗakin ba.

Ranar da baƙi suka ƙare, gida ya koma yadda yake. Ba wuta. Rachel ta fito da turmi bakin kicin tana surfe, Philip yana gindin mangwaro da babur. Magdalene ta shiga ɗakin Japhet ta zauna a bakin gado, inda taga ke kallon tsakar gida. Makirfon ya fi yadda ta zata nauyi. Ba ta taɓa riƙe shi ba. Ta ɗaga maɓallin kicin shi kaɗai, ta rage muryarta ƙasa da raɗa, ƙasa da yadda shi yake iyawa, ta kira sunan Rachel.

Taɓarya ta tsaya a sama. Can gindin mangwaro Philip ya ɗago kai, sifana a hannunsa. Ba wanda ya dubi ɗan'uwansa.

Aka ɗan jima, Rachel ta jingine taɓaryar ta zo bakin ƙofar ɗakin. Ba ta shiga ba.

"Mama, kullum yana kira ne. Mun ɗauka irin na kullum ne. Na ce in na gama wannan turmin zan je."

"Ya daɗe yana kira?"

Rachel ta sunkuyar da kai. Ta ce ya daɗe.

Magdalene ta sauke maɓallin, ta naɗe wayar makirfon a hankali ta ajiye a kan tebur. Ta ce wa yarinyar ta je ta ƙarasa surfenta kada dawar ta bushe. Daga ranar ta mayar da murhunta bayan rumbu, tana dafa nata ita kaɗai.