Kunnen Yaya

Motar ja ce mai kujera biyu, ba rufi, irin tsofaffin motocin gudun nan, ta girmi 'ya'yana kaf. Janyo ta aka yi zuwa garejinmu. Da na zaro sandar gwada mai sai na ga man ya koma kamar shayi da madara, wato ruwa ya shiga inji. Muka kwance kan silinda, ƙarfen nan mai nauyi da ke rufe saman inji, muka tarar zafi ya lanƙwasa shi, ba ya gyaruwa. Mai motar, wani dattijo da muke kira Maigilashi, ya sha yawo kafin ya samo wani na hannu, ya kawo shi rungume a bargo.

Garejin na Yaya ne, ni ƙanensa kuma abokin aikinsa, mun yi furfura tare a cikin baƙin mai. Yaya da kunne yake gwada ƙarfe. Zai rataye shi da igiya, ya ɗan buga da ƙaramar guduma. In lafiyayye ne ya yi amo mai tsawo, in da tsaga a ciki sai ka ji ƙwas, shi ke nan. Da wannan kunnen aka san shi, da shi yake taƙama.

Ya rataye wanda Maigilashi ya kawo, ya buga. Na ji ƙwas. Shi kuwa ya gyaɗa kai yana murmushi.

"Lafiya lau," in ji shi. "Ɗauko gasket, shimfiɗar da ake sa masa a ƙasa, mu ɗaura."

Na daɗe ina ganin alamu, rediyo sai ya ƙure ta, matarsa sai ta kira shi ta sake kira, amma ina ta kawar da kai don ban so in sani. In muka ɗaura ƙarfen nan injin zai sake shan ruwa, kowa ya ji cewa kunnen Yaya ya tafi. In kuma na faɗa a gaban mai mota, na tozarta shi da bakina.

"Yaya, bari in ɗan wanke shi tukuna, ya yi datti."

"Kai dai da ƙaƙale! Tun kana yaro haka kake."

Maigilashi ya tafi, ni kuma na jiƙa ƙarfen da kananzir, na bar shi ya sha, na goge tas, na barbaɗa masa garin alli. In akwai tsaga, kananzir ɗin da ya maƙale a ciki zai tsattsafo ya ɓata allin. Shi Yayan ne ya koya mani, amma ya daɗe da raina dabarar, wai aikin marasa kunne ne.

Ba a jima ba layi ya fito, siriri kamar gashi, tsakanin ramukan bawul biyu, inda iska ke shiga da fita. Ban kira Yaya ba. Shi ya zo neman sifana ya tsaya a kaina. Ya duƙa, ya bi layin da farce, ya daɗe bai ɗago ba.

"Ka ji shi ɗazu?" ya tambaye ni.

"Na ji."

"Ni ban ji komai ba, Ƙarami. Hannuna kawai na ga ya buga."

Wallahi da ma zagina ya yi. Na juya ina goge hannun da ba datti, hawaye na neman kunyata ni.

Abin da na fi tsoro shi ne ya ajiye aiki, amma bai ajiye ba. Shi da kansa ya faɗa wa Maigilashi akwai tsaga, ya huda ƙarshenta biyu don kada ta ci gaba, ya tsaya a kan mai walda yana masa masifa, ya kai aka daidaita fuskar ƙarfen. Muka ɗaura, muka ɗaure noti daga tsakiya zuwa gefe.

Ranar tayarwa na murza makulli, motar ta kama. Yaya ya dafa ƙarfen da tafinsa, sannan ya matso ya kama hannun rigata kamar yadda nake kama tasa muna yara.

"Faɗa mani gaskiya," in ji shi. "Yaya take kuka?"

Na kai bakina kunnensa na ɗaga murya. "Sumul, Yaya! Ko tari babu!"

"To ka ƙara saurara mani," ya ce. "Kada ka kashe ta tukuna."